Kwana Goma a Kan Keke a Tsibirin Siri Lanka

Ranar da muka gaya wa mutanen gida cewa za mu hau jirgin sama mu tafi wata ƙasa mai nisa domin mu tuƙa keke har kwana goma, kuma sai an biya kuɗi kafin a bar mu mu tuƙa, wata gyatumarmu ta dube mu ta ce ko dai zazzaɓi ne ya taɓa mana kai. Ba mu ga laifinta ba. A wurinmu keke abin hawan wanda bai kai ga babur ba ne, ana hawansa don dole, a ɗaura masa buhun masara ko jarkar ruwa. Amma a wasu ƙasashe akwai mutanen da kan yi shekara guda cur suna tara kuɗi domin su je su sha wannan wahala, su kuma kira ta hutu. Wani ɗan'uwanmu mai aiki a ƙasar waje yana cikinsu. Abokan tafiyarsa biyu suka fasa bayan an riga an biya, shi ne ya ce mu biyu mu zo mu maye gurbinsu. Ta haka muka tsinci kanmu a Siri Lanka cikin watan Fabrairu na 2024.

Ga wanda bai san wurin ba, Siri Lanka tsibiri ne a Tekun Indiya, kudu maso gabas da ƙarshen ƙasar Indiya. Manyanmu da suka yi makaranta kafin 1972 sun san shi da sunan Silon, sunan da ake bugawa a kwalin ganyen shayinsa. Faɗinsa murabba'in kilomita 65,610 ne, wato bai kai Jihar Neja ba, amma mutanensa sun kai kimanin miliyan 22. Bisa ƙidayar 2012, kashi 70 cikin ɗari mabiya addinin Buda ne, sai 'yan Hindu, sai Musulmi, sa'an nan Kirista da suka ɗan haura kashi 7. Gefen teku shimfiɗe yake, tsakiyar ƙasar kuwa duwatsu ne masu tsawo. Duk wanda zai ratsa tsibirin a kan keke, ba makawa sai ya gamu da su.

Ga yadda ake shirya irin wannan tafiya. Mu goma sha biyu ne, yawancinmu Turawa, wasu sun haura shekara sittin. Jagora yana gaba a kan kekensa, ƙaramar bas tana biye da mu a baya ɗauke da jakunkunanmu, da ruwan sha, da ayaba, da tayoyi, da wani saurayi makaniki. Wanda ya gaji sai ya ɗaga hannu, a ɗora kekensa a kan bas, shi kuma ya shiga ciki. Inda hanya ta cika cunkoso ko ta yi nisa, sai a kwashe mu duka a mota. Kekunan ba irin namu ba ne: tayarsu siririya ce kamar yatsa, ba su da nauyi, giyarsu ta fi ashirin, sirdin kuwa ƙarami ne mai tauri, shi ya sa ake sa wani gajeren wando mai katifa a ciki. Hular kwano dole ce. Ana tashi da ƙarfe shida da rabi na safe, a sauka kafin biyu na rana, gama zafin wurin mai gumi ne, ba busasshe irin namu ba. Abin da ya fi ba mu wuya a yinin farko shi ne hannun hanya. A can ta hagu ake bi, yadda muke yi a Nijeriya kafin a canja cikin watan Afrilu na 1972, kuma sau biyu jagora ya daka mana tsawa a kan shatale-tale.

Daga Negombo muka fara, garin masunta da ke kusa da babban filin jirgin sama. Ana yi masa kirari da Ƙaramar Roma saboda yawan majami'un Katolika, abin da ya samo asali tun zamanin Turawan Fotugal da suka iso tsibirin a 1505. Jagoranmu ɗan garin ne, ɗan masunci. Da ya ji mu masu bi ne, ya kuwa kasance ranar Lahadi, sai ya ce in muna so mu bi shi sujada kafin a gwada mana kekuna. Majami'ar da ya kai mu ita ce ta Waliyyi Sebastian a unguwar Katuwapitiya. Mai karatu zai iya tuna abin da ya faru a wurin ranar Ista, 21 ga Afrilu, 2019, sa'ad da wasu 'yan ƙunar baƙin wake 'yan ƙasar suka tayar da bama-bamai a majami'u uku da manyan otal-otal uku. Mutane fiye da 260 suka rasa rayukansu a wannan rana, fiye da 100 daga cikinsu a wannan majami'a kaɗai. An gyara ginin cikin 'yan watanni aka ci gaba da sujada. Mun same ta cike maƙil, mata da yara har waje, ana waƙa da harshen Sinhala wanda ko kalma ɗaya ba mu ji, amma mun gane inda aka kai ga Addu'ar Ubangiji.

Jagora bai yi mana dogon bayani ba. Ya dai nuna mana gefen da maƙwabtansa suka zauna a wannan safiya, ya ce shi ya makara ne shi ya sa. A kan hanyar komawa ya ƙara da cewa bayan harin, wasu fusatattu sun far wa shaguna da masallatan Musulmin da ba su ji ba ba su gani ba, kuma Kadinal Malcolm Ranjith na Kolombo ya yi ta kira ga mabiyansa kada su ɗauki fansa. Mu da muka fito daga inda muka fito, ba mu bukaci a fassara mana wannan labari ba.

Sai daga baya muka gane cewa bom ɗin ya ci wani abu kuma, wato abincin jagoranmu. A 2018 baƙi miliyan 2.3 suka shiga ƙasar. Bayan harin aka yi ta fasa zuwa, kafin a farfaɗo annobar korona ta rufe filayen jirgi, har a 2021 baƙin ba su kai 200,000 ba. Sa'an nan a 2022 tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, gwamnati ta kasa biyan bashin waje, mutane suka riƙa kwana a layin mai, tsadar kaya ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari, har jama'a suka kutsa fadar shugaban ƙasa Gotabaya Rajapaksa cikin watan Yuli, ya gudu ya bar ƙasar. A waɗannan shekaru jagoranmu ya koma kwale-kwalen kawunsa. Ya ce abin dariya a ciki shi ne, lokacin da mai ya yi wuya, ma'aikatan ofis da ke masa kallon mai wasan yara su ne suka riƙa zuwa gidansa suna roƙo ya gyara musu tsofaffin kekunansu.

Kwana biyu na farko cikin gonakin kwakwa da na shinkafa muka yi su, a kan ƙananan hanyoyi masu kwalta mai kyau. Yara 'yan makaranta cikin fararen kaya suna ɗaga mana hannu, karnuka suna barci a tsakiyar hanya ba ruwansu da kowa, wani lokaci guza ya ratsa a gabanmu a hankali kamar hanyar ta ubansa ce. In aka tsaya hutu sai a sare mana wata kwakwa mai launin lemo da suke kira thambili, ruwanta ya fi duk wani lemon kwalba kashe ƙishi. Abincin rana shinkafa ce da miya kala biyar ko shida a ƙananan kwanoni, kusan kowace da madarar kwakwa a ciki. Turawan ayarinmu suna ci suna hawaye saboda barkono, mu kuwa muka nemi ƙari. A nan ne kawai muka fi su.

A Sigiriya aka ajiye kekuna aka hau dutse da ƙafa. Dutse ne guda da ya miƙe kusan mita 200 a tsakiyar daji, matakalarsa kimanin 1,200. Sarki Kashyapa, wanda ya yi mulki daga 477 zuwa 495, shi ya gina fada a bisansa bayan ya kashe mahaifinsa ya ƙwace sarauta, yana tsoron ɗan'uwansa da ya tsere Indiya. Ɗan'uwan kuwa ya dawo da runduna, Kashyapa ya sauko ya tare shi a fili, da ya ga an ci shi da yaƙi ya kashe kansa. Abin da ya fi burge mu a wannan yanki ba fadar ba ce, tafkunan da sarakunan dā suka gina ne. Arewacin tsibirin yana da dogon rani, don haka suka datse ruwa a dubban wurare, manya da ƙanana, suka haɗa su da magudanai. Washegari a Polonnaruwa muka tuƙa a kan bangon wani tafki da Sarki Parakramabahu ya gina a ƙarni na 12, mai girma har suna kiransa teku. Mun ga manoma suna ban ruwan shinkafarsu da shi shekara fiye da ɗari takwas bayan mutuwar mai shi.

Daga nan hanya ta fara ɗagawa, muka bi ta Matale muka shiga Kandi, inda aka ba mu hutun yini guda. Kandi ita ce masarautar ƙarshe da ta faɗa hannun Turawan Ingila, a 1815, kuma a nan ne haikalin da mabiya Buda ke ajiye abin da suka gaskata haƙorin Buda ne. Zuwanmu ya dace da ranar Poya, wato ranar da wata ya cika. Kowane wata wannan rana hutu ce a ƙasar baki ɗaya, ba a sayar da barasa, mahauta ma ba sa fitowa. Dubban mutane cikin fararen tufafi suka yi layi riƙe da furen bado. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga gwiwa a buɗe, saboda haka mazan ayarinmu da suka zo da gajeren wando sai da aka ɗaura musu zani.

Akwai wani labari na Kandi da ya kamata masu bi su sani. Bayan Turawan Holan sun kori na Fotugal a 1658, sai suka haramta aikin limaman Katolika a yankunan da suke mulki. A 1687 wani Fada ɗan Goa ta Indiya mai suna Joseph Vaz ya shigo tsibirin a ɓoye cikin shigar ɗan ƙwadago, ya riƙa bin gidaje da dare yana yi wa masu bi hidima. Da ya isa Kandi aka kama shi bisa zargin leƙen asiri, daga baya sarkin, wanda mabiyin Buda ne, ya sake shi ya kuma ba shi izinin yin aikinsa. Sa'ad da cutar agana ta ɓarke a garin, mutane suna gudu suna barin marasa lafiya, shi ya tsaya yana jinyarsu. A Kandi ya rasu a 1711, Paparoma Francis kuma ya ayyana shi waliyyi a Kolombo cikin watan Janairu na 2015. Mu da ba 'yan Katolika ba, labarin bai yi mana daɗin ji ba, domin waɗanda suka farauce shi masu kiran sunan Yesu ne, wanda ya ba shi mafaka kuwa ba ya kira.

Yini na bakwai shi ne wanda kowa ke tsoro tun daga Negombo. Kandi tana kan tudun mita 500, Nuwara Eliya kuwa mita 1,868, tsakaninsu kilomita saba'in da 'yan kai. In mai karatu ya tuna cewa Jos ba ta wuce kimanin mita 1,200 ba, zai gane abin da ake nufi. Har zuwa Gampola da sauƙi. Daga nan hanya ta kama hawa, kwana bayan kwana, gonakin shayi kore shar a dama da hagu, ruwa yana zubowa daga kan duwatsu. Jagora ya ce mu sa giya mafi sauƙi, kada mu dubi sama, mu ci wani abu kowane rabin sa'a ko ba ma jin yunwa. Mun bi shawararsa, muka wuce Pussellawa, amma kafin mu kai Ramboda cinyoyinmu suka ɗaure, numfashi ya gagara. Wata Baturiya mai jikoki huɗu ta wuce mu tana ce mana sannu. Girman kai ya sa muka ƙara kilomita biyu, sa'an nan muka ɗaga hannu.

Ashe alheri ne ya kira mu cikin bas ɗin. Ba mu yi nisa ba sai makanikin ya yi wa jagora waya. Shi yana ce wa jagora aiya, wato yaya, jagora kuma yana ce masa malli, wato ƙane, ko da yake shi Batamile ne, jagora kuma Basinhale, ƙabilu biyun da yaƙin basasa ya shiga tsakaninsu daga 1983 zuwa 2009. Izinin minti goma yake nema, domin gidansu yana bayan tudun nan, rabonsa da mahaifiyarsa wata uku. Jagora ya yarda, direba ya karkata, muka bi shi.

Gidan wani dogon gini ne mai rufin kwano, ɗakuna a jere kamar tsohon barikin 'yan sanda, kowane iyali da ɗaki guda. Turawan Ingila ne suka fara gina irinsu domin leburorin da suka kwaso daga kudancin Indiya a ƙarni na 19. Da fari kofi ake nomawa a waɗannan tuddai, sai wata cuta ta faɗa masa tun daga 1869 ta gama da shi. Wani ɗan Sikotilan mai suna James Taylor ya riga ya gwada shuka shayi a gonar Loolecondera a 1867, don haka shayi ya gaji kofi, har Thomas Lipton, mai sunan da kowane mai shayi ya sani, ya zo ya sayi gonaki a 1890. Jikokin leburorin nan su ne masu tsinkar ganyen. Da ƙasar ta sami 'yancin kai a 1948, wata doka ta hana su zama 'yan ƙasa, aka mayar da wasu Indiya, sauran kuwa sai a 2003 aka kammala ba su wannan 'yanci.

Yana ƙwala kira, amma, amma, wato inna, sai ga ta ta sauko daga gona da buhu rataye a bayanta, igiyarsa a goshi. Toho biyu da ɗan kunnen da ke tsakiyarsu kawai ake tsinka, kuma sai mace ta tara wajen kilo 18 kafin a rubuta mata cikakken yini. A lokacin da muka je ladan yini rupi 1,000 ne, wato dala uku da ɗan ɗoriya, daga baya cikin 2024 aka ƙara shi zuwa 1,350. Abincin da kowannenmu ya ci a otal a daren nan ya fi kuɗin yininta. Duk da haka ba ta bar mu mun tafi ba sai da ta dafa mana shayi, baƙi mai sukari, a kofunan ƙarfe. Ɗan ya zaro wani abu daga aljihu ya danƙa mata a ɓoye, ta shafa masa kai, minti goma suka cika. A cikin mota ya gaya mana cewa ƙanwarsa tana ajin ƙarshe a sakandare, kuma da kuɗin faci da gyaran birkin baƙi yake biya mata darasin yamma, domin ya rantse ba za ta rataya wannan buhu ba. In baƙi suka daina zuwa, in ji shi, shi ke nan.

Tun muna gida muke tuhumar wannan hutu, cewa almubazzaranci ne mutum ya kashe kuɗin da zai sayi babura domin ya yi wasa da keke a gaban talakawa. Har yanzu ba mu wanke shi sarai ba, gama kaso mai tsoka na kuɗin a hannun kamfanonin jirgi da dillalan ƙasashen waje yake tsayawa. Sai dai mun lura mai keke ba kamar mai babbar motar yawon buɗe ido yake ba. Yunwa da ƙishi suna tilasta masa tsayawa a ƙauye, ya sayi kwakwa a hannun tsohuwa, ya ci shinkafa a rumfa, kuma ba gilashi tsakaninsa da mutane.

Nuwara Eliya sanyi gare ta, har da murhun wuta a ɗakin otal. Washegari aka kama gangara zuwa Ella, daga Ella kuma zuwa Wellawaya, inda aikin ya koma na birki. Makaniki ya bi kekunan ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi, ya ce mu riƙa matsawa muna saki, kada mu danne gaba ɗaya. Manyan bas-bas na haya su ne abin tsoro a wannan hanya, in ka ji hon a bayanka ka ba su wuri kawai.

A Buttala aka yi 'yar hatsaniya. Hanyar da ta tafi Kataragama tana ratsa gefen gandun dajin Yala, kuma giwaye sun saba tsayawa a kan kwalta suna jiran matafiya su jefa musu ayaba. Jagora ya ce kowa ya sauka ya shiga mota. Wani daga cikin ayarinmu, wanda bai shiga bas ko sau ɗaya don gajiya ba tun Negombo, ya ce shi ya biya kuɗi ne domin ya tuƙa, kuma zai tuƙa. Jagoran da muka sani da fara'a ya murtuke fuska, ya ce a 2023 kaɗai mutane fiye da 150 da giwaye fiye da 400 suka mutu a rikicin da ke tsakaninsu a ƙasar, kuma in giwa ta taka baƙo, shi za a karɓe wa lasisi, shi ne kuma zai buga waya ya gaya wa matar mutum. Da kyar mutumin ya shiga yana ƙunƙuni. Ba mu yi tafiyar minti ashirin ba sai ga wani toron giwa tsaye a tsakiyar hanya. Ya zura haurensa kusa da gilashi, ya lalubi rufin motar da hancinsa inda kekuna suke, direba ya lallaɓa ya wuce ta gefe. Ba wanda ya ce uffan har Kataragama.

Yinin ƙarshe a bakin teku muka yi shi, rabi a keke rabi a mota, iska tana bugunmu ta gefe. Nan da can muka riƙa ganin kaburbura da harsashin gidajen da igiyar tsunami ta rushe ranar 26 ga Disamba, 2004, wadda ta kashe mutane fiye da 30,000 a tsibirin. Da la'asar muka shiga Galle ta ƙofar ganuwar da Turawan Holan suka gina, wadda ta kāre tsohon garin a ranar da ruwa ya share tashar motar da ke wajenta. A gaban wata tsohuwar majami'arsu ta 1755 muka sauka, aka cire mana fedoji, aka ƙirga hulunan kwano. Aka zaga da ambulan kowa ya sa abin da ya sawwaƙa domin jagora da direba da makaniki, mutumin Buttala kuwa mun ga ya koma ya ƙara. Su ukun ba su tsaya cin abincin dare da mu ba. Sun ɗaure kekuna goma sha biyu a kan bas suka kama hanyar Negombo, domin jibi wani ayarin zai sauka, kuma akwai sarƙoƙi uku da makaniki ya ce sai ya canja kafin nan.